Cibiyar da Ba a Ba Ni Ba

Hoto ne ya tayar mini da wannan zance. Ɗan ƙanena ne ya turo shi ta waya daga gida: shaguna huɗu a jere, na bulo da siminti, da ƙofofin ƙarfe, ɗaya ana sayar da katin waya, ɗaya ana cajin batir, sauran biyun a kulle. A ƙasa ya rubuto, "Gwaggo, kin ga yadda muka gyara gidan?" Gyara! Na ƙura wa hoton ido ina neman inda ɗakin Iya yake, na juya wayar sama, na juya ta ƙasa, daga ƙarshe na gane mai cajin batir ne zaune a kansa. Ban zagi yaron ba, don shi a ganinsa alheri ya yi, kuma gaskiya ginin ƙasan ya daɗe da gajiya. Na dai ajiye wayar, ranar ban iya cin abinci ba. A makon ne kuma likitan ido ya gaya mini abin da na riga na zarga, wai hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na ce masa to, Allah Ya sa mu cika da imani. Amma da na dawo gida, abin da ya tsaya mini a rai ya fi makanta nauyi. Duk duniya ni kaɗai na rage da ta san zanen da Iya take yi a bangon ɗakinta, shi ma ba duka ba, kuma shekara hamsin da ɗoriya ban sa hannu na zana shi ko sau ɗaya ba. Idan idon nan ya rufe, shi ke nan, zanen ya bi ɗakin.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Maza zalla ta haifa, don haka tun ina rarrafe ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, ta ce wannan tawa ce, ku nemi wata.

Yanzu a garin Lanham nake zaune, kusa da birnin Washington, a gidan 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, sai dai in ce Likita, don aikinta ke nan. Aikin rediyo ne ya kawo mahaifinta ƙasar nan tana 'yar shekara huɗu, ya yi ta karanta wa mutanen gida labarun duniya har Allah Ya karɓi abinsa, ni kuma na yi zamana. Gida ne mai kyau, kada in yi butulci. Amma ƙwanƙwasa bangonsa ka ji, kwali ne kawai, cikinsa wofi. Ba ya wari, ba ya ƙamshi, ba ya zufa da damina, ba ya riƙe sanyi da bazara. In ya yi datti sai a kira wasu mutane su zo da gwangwani, kafin azahar sun shafe sun tafi, ko sunansu ba ka sani ba. Mu kuwa da muka tashi, bango abu ne da ake kiwo kamar akuya. Da zarar kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai gida ya ɗauki wata irin hayaniya da har yau kunnena bai daina nema ba. Da sassafe luguden taɓarya, sai ƙarar guga tana dukan bakin rijiya, sai mata su taru a ɗakin da za a yi wa daɓe, kowace da madaɓinta, su durƙusa a jere suna dukan ƙasa tare, dab, dab, dab, suna waƙa suna zagin juna da wasa, har ƙasan ɗakin ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. A nan kuwa abin da ke tashe ni da kaka shi ne injin maƙwabci mai hura ganye, yana korar ganyensa zuwa ƙofarmu, gobe mijin Likita ya koro masa abinsa.

Aikina a lokacin shi ne nemo ƙasa. Ba kowace ƙasa ba, kuma ba a ko'ina ba. Farar tana can gaɓar kogi, a wani rami da sai ka kwanta rub da ciki ka zura hannu har kafaɗa. Jar tana bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini. Rawayar ita ce mai wahala, wani ɗan siririn layi ne a jikin kwazazzabo, in ka yi garaje sai ta gauraya da yashi Iya ta zubar ta ce koma. Baƙi kuwa gawayin ƙirya ne. Sai in tsinko ƙaro a jikin itace a jiƙa shi ya narke, shi ne ke riƙe launi a bango, sai ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa ya zama makuba, ruwan ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta, a shafe gindin bango da shi saboda ruwa. Iya tana da wani ɗan dutsen niƙa na daban da ba a taɓa sa masa hatsi ba. A kansa nake niƙa ƙasar da ɗigon ruwa, ita kuma tana can tana kaɗi, ba ta ko kallona, da kunne take duba aikin. "Ke, ba gero kike niƙa ba, sassauta hannu," in ji ta. In na ce na gama sai ta ce, "Ina jin ta tana ƙas-ƙas daga nan. Sai ta yi shiru tukuna." Haka kuwa abin yake, in ƙasa ta niƙu da gaske sai ƙarar ta ɗauke, dutse ya riƙa zamewa a kan dutse kamar an sa masa man shanu. Burushi kuwa ba mu san shi ba. Yatsa ne, da gashin kaza, da tsinken da aka tauna bakinsa ya yi laushi.

Zanen a bangon da ke bayan gadonta yake, kuma da'ira uku ne, wata cikin wata, sai tsakiya. Ta waje sawun zabi ne, da baƙi, a jere kamar sun bi ta kan bangon da gudu. Ta biyu rijiyoyi bakwai ne, jajayen zobba da layi ya haɗa su, kuma kowace da sunanta. Iya ta ce su ne rijiyoyin da kakar kakarta ta yada zango a bakinsu shekarar da yunwa ta taso su daga arewa, da goyo a baya da tukunya a ka. Ta uku ƙwayoyin hatsi ne da rawaya, ɗigo-ɗigo, na gonar farko da suka noma da suka sami wurin zama. Tsakiyar ita take kira cibiya. Ranar da za ta zana cibiya sai ta saki asabari, ta kore kowa, har ni. In ta gama ya bushe, sai ta bi ta shafe wurin da farar ƙasa, ta rufe shi ruf, sannan ta ɗaga asabari. Abin da kowa ke gani shi ne farin faifai a tsakiyar bango, amma mun san akwai abu a ƙarƙashi. Ba tsafi ba ne, kada wani ya kai ni inda ban je ba, Iya mai salla ce da azumin nafila. Ta ce abu ne da uwa ke faɗa wa 'ya, kuma ba a faɗarsa a tsakar gida. Duk shekara sai ta sake zanen a kan na bara, ba ta kankare na baya, don haka bangon ya yi kauri da hannunta tun na shekarar da aka kawo ta gidan.

Ba a rana ɗaya ta ba ni ba. Sawun zabi na fara samu ina 'yar ƙanƙanuwa, na yi shekara biyu a kansa tana gogewa ina sakewa. Rijiyoyi sai da na iya jero sunayensu ba tuntuɓe. Hatsi sai da na fara azumi cikakke. Da na shiga kwalejin horon malamai ta mata a birni, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Takwara, kin isa. Bana in an yi girbi zan ba ki cibiya." Kai, ranar kamar in taka rawa.

To, a shekarar ne na yi abin da na yi. An yi wa ɗakunan kwananmu na makaranta fenti, irin mai sheƙin nan na mai, sai ragowa ta saura a gwangwani biyu, kore da fari, mai fentin ya ce duk mai so ta ɗauka. Na ɗauko su na taho da su hutun bazara, raina fes. Ni a lissafina, ga tsohuwa tana fama da ciwon baya, duk shekara tana hawa turmi tana miƙa hannu, ga ni na yi boko na san abin da ba ya gogewa, me ya rage? Na tarar Iya ta tafi ta'aziyya garin 'yan'uwanta, sai bayan mako. Ban yi shawara da kowa ba, don na san za a hana ni. Na shafe bangon nan kaf da kore, tun daga daɓe har rufi, na bi sawun zanen da fari tun ina iya ganin tudunsa, na mayar da zabi da rijiyoyi da hatsi kowanne a mazauninsa. Ya yi ƙyalli kamar sabuwar tasa. Matan gida suka yi ta shigowa suna tafa hannu, wata ta ce ɗakin Iya ya zama asibiti, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka. Ta sauke kayan, ta matsa ta shafa bangon da tafin hannu, ta shinshina yatsunta. Sannan ta ce, "Takwara, kin toshe masa hanci."

Na ce, "Iya, yanzu fa kin huta. Wannan ba ya gogewa har abada."

Ta ce, "Wa ya ce miki ina neman wanda ba ya gogewa?"

Ba ta ƙara ba. Da ma ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Damina ta sauka. Bangon ƙasa yana shan laima daga gindi ya fitar da ita ta jiki, kowace tsohuwa a garin ta san haka, ni 'yar kwaleji ce kaɗai ban sani ba. Laima ta hau ta rasa mafita. Fentin ya fara kumbura yana yin ƙuraje, ka danna da yatsa ruwa ya fito. Ina gida dogon hutu aka yi wani ruwa na kwana uku, ranar ta uku da la'asar muna zaune a rumfa muna gyaran wake sai muka ji rim! Muka ruga. Yaɓen bangon gaba ɗaya ya ɓanɓaro ya kife a kan gadon. Iya ta durƙusa ta ɗauki wani gutsure ta juya gefensa, na ga layi-layi kamar ɓawon albasa, fari, ja, fari, rawaya, shekara a kan shekara, har can ƙasa na lokacin da take amarya. Ta riƙe shi, ta murza da babban yatsa ya zama gari. Ta ce, "Ɗauko mini tsintsiya." Na ɗauko, na kasa miƙa mata, na ajiye na fita da gudu ina kuka.

Shekara da shekaru, in na tuna, a nan nake tsayar da labarin, in ce fenti ne ya raba ni da cibiya. Har na tsani warinsa. Amma akwai saura, kuma sauran ya fi muni. Na koma makaranta, aka yi girbi, hutu ya zo, na ƙi zuwa gida. Na maƙale a gidan wata ƙawata a birni na ce karatun jarrabawa nake yi. Kunya ce, ba komai ba, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Babana ya rubuto takarda, a ƙarshenta ya ce, "Iya ta ce a gaya miki an yi sabon yaɓe, ya bushe." Na ninke takardar na tura ƙarƙashin akwati. Bayan kwana goma direban motar kasuwa ya zo har ƙofar gidan da saƙon baki: "Tsohuwa ta ce ƙasa ta jiƙu, tana jiranki, kada ƙaro ya yi tsami." Na ce ya gaishe ta, ina nan tafe. Na ce a raina baɗi, in abin ya huce. Kafin damina ta zagayo zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Da na zo gaisuwa na shiga ɗakin, na tarar ta sake zanen ita kaɗai, layin yana ɗan karkacewa inda hannunta ya gaji, ga farin faifai a tsakiya a rufe. Na ɗauki cokali na tsaya a gabansa da niyyar in kankare in gani. Na kasa. Bayan an yi arba'in aka ba matar kawuna ɗakin, ta shafe komai ta rataya kalanda. Ko mahaifin Likita, da muka yi shekara arba'in tare, ban taɓa ba shi wannan labarin ba.

Likita ce ta ga na yi sanyi bayan zancen ido, wata Asabar ta ce in shirya mu shiga Washington, an kawo zane-zanen mutanen asali na ƙasar Ostareliya a wani gidan nune-nune. Da Turanci ta faɗa, don Hausarta a kunne take, ba ta cika saukowa baki ba. Har ta ƙara da cewa gara in ga abubuwa tun ina gani. Na ce, "Sannu, Likita. Haka kike lallashin marasa lafiyarki?" Ta yi ta ba ni haƙuri har cikin jirgin ƙasa.

Ban san komai a kan mutanen nan ba sai ranar. Baƙaƙe ne kamarmu, kuma suna ƙasarsu tun zamanin da ba wanda zai iya ƙirgawa, kafin Turawa su je su ƙwace musu ita, su tattara su a sansani, har da raba 'ya'ya da iyaye. Likita tana karanto mini bayanin da ke jikin bango, don ƙananan rubutu sun fi ƙarfina yanzu. A ɗakin farko hotunan duwatsu ne da kogo, inda kakanninsu suka yi zane tun fil azal, wasu ma tafin hannu ne kawai, mutum ya ɗora hannunsa a dutse ya guntsi jar ƙasa ya fesa, siffar hannun ta zauna. Na gaba kuma zane ne a kan ɓawon itace. Wai da damina ake ɓare shi lokacin da itacen ke da ruwa, a gasa a wuta, a danne da duwatsu ya miƙe, a goge. Sannan a zana da jar ƙasa da rawaya da fara da gawayi. Na ce, "Me kika ce?" Ta maimaita. Launi huɗun nan dai, ba ƙari ba ragi! Da can da ruwan wani tsiro ko ƙwai suke haɗawa don ya kama, yadda muke yi da ƙaro. Layukan kuwa sirara ne, sun gicciye juna kamar saƙar tabarma, wai da 'yan silin gashin kan mutum ake jan su, a ɗaure a bakin tsinke. Na kai hancina kusa har mai gadi ya yi gyaran murya.

A ɗakin ƙarshe aka ajiye tebur da faffaɗan dutse da dunƙulen jar ƙasa da ɗan kofin ruwa, wai duk mai so ya gwada niƙawa. Yara da manya suna ta kankara, ƙas-ƙas-ƙas, har haƙorana suna tsami. A daidai nan aka kira Likita daga asibiti, ta fita da waya a kunne. Ban san lokacin da na naɗe hannun riga ba. Na ɗiga ruwa, na sassauta hannu, na yi ta juyawa, warin ƙasa mai laima ya bugi hancina, ban daina ba sai da dutsen ya yi shiru. Da na ɗago sai na ga wata tsohuwa tana kallona. Tana zaune a ƙasa a ƙuryar ɗakin, ta miƙe ƙafafu, kanta fari fat, ga wani faffaɗan yadi mai kauri shimfiɗe a gabanta tana yi masa ɗige-ɗige da tsinke kamar na tsire. Ɗaya ce daga cikin masu zanen, an kawo ta mutane su ga yadda ake yi. Ta ce wani abu da yarensu, sai wata mata da ke gefenta, sa'ar Likita, 'yar ɗan'uwan tsohuwar ce, ta ce mini da Turanci, "Ta ce tun safe sai yanzu ta ji wadda ta iya. Ta ce ki zo ki zauna."

Na zauna da ƙyar, gwiwa tana ƙara. Sai idona ya sauka a kan 'yan robobin da take tsoma tsinken. Fentin kanti ne! Ja, ruwan goro, shuɗi, har da wani ruwan hoda. Raina ya ɓaci, ni da ba ruwana. Na ce, "Wannan ai fentin kanti ne. Bai kashe muku abin ba?"

Da aka fassara mata ta yi dariya har tana tari. Ta ce su mutanen hamada ne, da can a kan yashi suke zanawa da kuma a jikin mutane lokacin bukukuwansu, in an gama iska ta share. Da aka kwashe su daga ƙasarsu aka zube su wuri ɗaya, dattawansu suka fara sa shi a kan katako da yadi da wannan fentin, don 'ya'yan da ba su taɓa ganin wuraren ba su san hanya. Ta nuna mini da tsinken: zobban nan wuraren ruwa ne, layin da ya haɗa su tafiya ce, wannan mai kama da kofaton doki mutum ne a zaune, kamar kana kallo daga sama. Na ce a raina, rijiyoyin Iya ke nan. Ta ce ƙasar mahaifinta ce wannan, yayarsa ce ta ba ta, kuma ita kaɗai take zanawa. Na maƙwabciyarta, ko ta haddace shi, ba ta da ikon taɓawa. Na tambayi ɗige-ɗigen. Ta ce wasu ado ne, wasu kuma mayafi ne, don da farko an zana abubuwan da bai kamata kowa ya gani ba, aka yi rigima, sai aka koyi rufewa. Addininsu daban, al'adarsu daban, ban shiga wannan ba. Amma a wannan gaɓar na san abin da take nufi fiye da duk wanda ke ɗakin.

Ikon Allah, abin da na ɓoye wa miji da 'ya, sai ga shi ina zazzage wa baƙuwar da ko sunanta ban riƙe ba, da Turancina na tsohuwar malama, ana juya mata. Na faɗi fenti, na faɗi faɗuwar bango, na tsaya inda na saba tsayawa. Ba ta daina ɗiga tsinkenta ba. Ta ce, "Da bangon ya faɗi, ta kore ki?"

Na ce, "A'a. Ta aiko a kira ni. Sau biyu."

"Kin je?"

Na girgiza kai. Ta tsoma tsinke ta yi ɗigo kamar goma. Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma na gode mata da ba ta faɗa ba. Can ta ce, "Ukun da ta ba ki fa, suna wajen wa?"

"Suna wajena."

"Ke kaɗai?"

Ta yi mini wani kallo irin wanda ake yi wa matar da ta bar tukunya a wuta ta tafi hira. Na tashi ban ko yi sallama mai kyau ba, kunya ta sake kama ni kamar ina 'yar shekara goma sha takwas. Sai dai wannan karon na san inda kunya take kai mutum.

Washegari na tayar da gidan. Ƙasar da ke jiharmu ta Maryland ja ce, Allah Ya taimake ni, na sa mijin Likita ya haƙo mini bokiti guda a bayan gida. Na sa aka kai ni garin Wheaton, wani shagon kayan Afirka, na samo ƙaro da farar ƙasar nan da masu ciki ke ci. Gawayi na kwaso a murhun gashinsu. Rawaya ce ta gagara, sai da na haɗa fara da 'yar kurkur, Iya ta yafe mini. Muka kwantar da wani faffaɗan katako a gareji, na yaɓe shi da ƙasa, ya kwana uku ya bushe. Ranar Asabar na ce wa Likita ta kashe wayar nan ta zo. Ta fito da safar hannu ta roba irin ta asibiti. Na ce, "Cire. Ba tiyata za ki yi ba."

Hannuna ya tuna abin da na zaci ya manta. Zabi suka fito, rijiyoyi suka fito da sunayensu bakwai, ina faɗa tana maimaitawa da wannan harshe nata mai nauyi, hatsi ya fito. Sai aka zo tsakiya, na tsaya. Ta ce, "Mama, saura nan." Na ce na sani. Na zauna a kan bokiti na ba ta labarin duka, har da takardar babana, har da direban motar kasuwa. Ban rage komai ba. Hawaye ya riƙa ɗiga a kan hannunta mai jar ƙasa. Sannan ta jawo kwanon farar ƙasa, ta ce, da Hausa kuwa, "To mu rufe shi kamar yadda take yi. Ai daidai zai zama da nata. Ba wanda zai sani."

Gaskiya ta faɗa, kuma wallahi raina ya so. Da an shafa farin nan, da na ga bangon Iya sak, sau ɗaya kafin idona ya tafi. Na riƙe mata wuyan hannu na ce, "A'a. In kin rufe, 'yarki za ta zaci akwai wani abu a ƙasa, ta yi ta jiran ranar da za ki ba ta. Bar shi a buɗe."

Yanzu duk Asabar muna gareji. Gefen ganina ya tafi, sawun zabin da ke waje ba na ganinsa sai na juya kai, don haka da yatsa nake duba aikinta, in na ji ya karkace in sa ta goge ta sake, tana ƙunƙuni da Turanci ina yi kamar ban ji ba. Ta kama zabi, rijiyoyi saura biyu. Tsakiyar kuwa tana nan ja, ba komai a kanta. Na ce mata haka za ta koya wa 'yarta shi, da ramin a ciki, kuma in yarinyar ta tambaya me ya sa, kada ta ce fenti ne. Sai dai ta ce mata kakarta aka kira sau biyu ba ta je ba.